Layi na Bakwai

Sun ce in cike takarda.
Sau uku na wanke hannu da omo
kada attaruhu ya ɓata musu farin fom,
na ɗauki biron da suka ɗaure da zare
kamar akuyar da ake tsoron ta tsinke.

Suna: Tasalla Ɗanlami.
Unguwa: Agege, bayan layin dogo,
ɗaki na huɗu, mai koren labule.
'Ya'ya: ɗaya. Murja.
Wata ashirin da biyu, haƙori goma sha ɗaya.
Ba su tambayi haƙoran ba, ni na faɗa.

Layi na bakwai ne ya tsare ni:
nawa kike samu a wata?

Wane watan?
Na marka, da ruwa ya ci hanyar kasuwa,
kwando uku suka ruɓe ina kallo?
Ko na babbar salla, da matan Ikeja
suka yi min layi suna ce min Hajiya,
ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba?

Matar ofis, tabarau a goshi,
ta ce in rubuta na ƙarshe.
Na ƙarshen kuwa na salla ne.
Na rubuta gaskiya.
Innata ba ta koya min wani rubutun ba.

Ta danna kwakuleta, ta sake dannawa.
Ta ce: kin haura da dubu biyu da ɗari biyar.
Ba da mugunta ta faɗa ba,
har sannu ta yi min da yarensu,
idonta na kan wadda ke bayana.

Dubu biyu da ɗari biyar.
Kuɗin danfo zuwa da dawowa,
in kwandasta ya kwana lafiya.
Ashe ni mai hali ce,
sai a Alausa aka sanar da ni.

Na duba takardar ciki da bai.
Babu layin da ya tambayi
ranar da na goya Murja zuwa kasuwa,
ta miƙo hannu ta damƙi ja,
ta kai ido.
Kwana uku tana kallona da ido ɗaya.
Babu layin da ya tambayi ina ubanta,
balle in ce yana layin tirela a Apapa,
sati biyu tsakaninsa da ƙofar tasha.

Tun daga ranar, kafin ladan ya gyara murya
nake kai ta gidan Iya Kudi,
wadda ko sunanta ya fi aljihuna nauyi.
Yara tara, tabarma biyu, fanka ɗaya.
Duk Litinin in ƙirga mata a tafi,
ta sake ƙirgawa, ta soke a ɗankwali.
Ba ta cuce ni ba.
Ita ma mai gida na buga mata ƙofa.

Lantana ta ce ni wawiya ce:
wa ya aike ki da watan salla?
Ki koma da na marka, ki sa tsohon silifa.
Na ce to. Ban koma ba tukuna.

Yanzu da safe ina roƙon Allah ciniki,
da yamma in ƙirga, gabana na faɗuwa
kada a ce an amsa min da yawa.
Wannan wace irin addu'a aka koya min?

Jiya na je ɗaukarta bayan isha'i.
Ta yi barci, shinkafa a kumatu.
Da ta farka a bayana, wajen gadar sama,
da Yarbanci ta nemi ruwa.
Na gane. Na saya mata na leda.

Takardar na nan ƙarƙashin katifa,
ninki huɗu, gefenta ya fara ja.
Hadari na haɗuwa ta wajen Ikorodu.
Ban ce ya zo ba.
Ban kuma ce ya wuce ba.